Juya Baffa a Kumasi

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Na yi allo, na yi firamare zuwa aji huɗu, daga nan sai shanu da gona, daga baya acaɓa tsakanin Gwaram da Basirka. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce. Abin da ya sa na rubuta, tun da na dawo duk wanda ya tare ni sai ya ce, "Haruna, ya Gana? Ana samu?" Na gaji da amsawa. Ni ba nema na je ba. Ubana na je ɗaukowa, kuma saura kaɗan in kashe shi da ladabi.

Baffa dillalin shanu ne. Ina saurayi ya tafi Kumasi, yana zuwa bayan shekara biyu ko uku, daga baya zuwan ya koma saƙo. Ya yi aure a can, matar ta rasu ba haihuwa. Shekara huɗu kafin tafiyata ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wani abokinsa mahauci, Malam Garba, shi ya riƙe shi duk shekarun nan. Da Malam Garba ya rasu, matar da ke da gidan ta bugo waya ta ce a zo. Ƙannena duk mata ne. Inna ta dubi ƙanwata, ina zaune a wurin, ta ce, "A gaya wa wancan ya je ya kawo shi. Ko mutuwa ce, ya mutu kusa da iyayensa."

Wancan ɗin ni ne. Mu Fulani ne da Fulatanci ya tsere mana, amma kunyar ba ta je ko'ina ba. Ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Fagam. Baffa bai taɓa kiran sunana ba, in ta kama dole sai ya ce mutumin Fagam. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba mu taɓa zama ɗaki ɗaya mu biyu ba. Ban taɓa ganin laifin haka ba, yadda na tarar ke nan.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, kwana ɗaya na yi a tasha ina rungume da jaka. A iyakar Seme aka fara cutata. Wani mutum mai tsabtatacciyar riga ya ji ina Hausa, ya riƙe hannuna, ya ce shi ma ɗan Jigawa ne, har ya ambaci Yalwan Damai. Ya ce ba a wucewa sai da katin allurar rigakafi, amma tun da ɗan'uwa ne ni, ba sai an soka mini allura ba. Ya tafi ya dawo da kati mai hatimi. Na yi ta godiya. Katin ya wuce da ni Kwatano, ya wuce da ni Lome. A bakin iyakar Gana wata ma'aikaciya ta ɗaga shi sama, ta yi dariya, ta nuna wa na kusa da ita. Na jabu ne. Aka sauke ni, aka yi mini allurar da na guje wa, aka ba ni kati na gaske. Kafin in fito mota ta tafi da buhuna. A ciki akwai kuka da daddawa da kwalbar man shanu da Inna ta kaɗa da hannunta. Kayan sawa ban damu da su ba. Man shanun ne ya tsaya mini a rai.

Wani direban babbar motar albasa, Bazabarme, ya gan ni a tsugune bakin titi. Bai tambaye ni komai ba sai, "Ka yi salla?" Na ce a'a. Ya miƙo mini buta. Shi ya kai ni Akara a kan buhunan albasa, ya saya mini wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, ya sa ni a motar Kumasi. Ko sunansa ban riƙe ba. Allah Ya san shi.

A zangon Kumasi kowa na jin Hausa, sai dai irin tasu. Gidan na Hajiya Falmata ne, wata dattijuwa mai ƙiba mai sayar da koko da ƙosai. A can aka haife ta, amma kakanta Babarbare ne, don haka tana ganina ta ce, "To, an ƙaro mini wani bawan. Shigo, ga tsohon bawana can ya cinye mini ɗaki."

Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe shi. Yana kwance rigingine a kan katifa, ya rame har ban gane shi ba sai ta hanci. Ya juya fuska bango.

"Hajiya," ya ce, "a tambayi baƙo ya hanya."

"Wane baƙo? Kai Jauro, ɗanka ne fa! Ka tambaye shi da bakinka, ai bakin bai shanye ba."

Na ce hanya lafiya, mutanen gida suna gaisuwa. Ya ce a tambaya ko tsamiyar bakin rijiya tana nan. Na ce tana nan. Hirarmu ke nan ta shekara goma sha ɗaya.

Ga yadda na yi jinyar, kuma ina tsammanin daidai nake yi. Na shimfiɗa tabarma a baranda, bakin ƙofarsa. Da safe in kai ruwan ɗumi da tsumma, in tura ta ƙarƙashin labule, in koma gefe. In kai koko, in tura. In tura fo, in ya gama ya buga shi da cokali, in ɗauke ina kallon ƙasa. Hannunsa na dama yana aiki, na ce ai yana iya wa kansa. Ban san Malam Garba kullum sai ya ɗaga shi ya yi masa wanka, ya fito da shi hantsi, ya mai da shi ya kwantar ta wancan gefen ba. Ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba. Yaya zan tambayi yadda ake taɓa jikin ubana?

Akwai wata nas, Madam Akosuwa, da ke zagaya tsofaffin da ke kwance a unguwar duk bayan mako biyu. Gajeriya ce, Kirista, tana da 'yar Hausa. Zuwanta na farko ina ganin ta shiga na tashi na fita har ƙofar gida. Ta gwada jininsa, ta ba da ƙwayoyi, ta tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau. Da za ta tafi ta ce mini, "Kana wanka shi?" Na ce ana yi. A raina ban yi ƙarya ba, ai ina kai ruwa.

A mako na biyu Baffa ya ce a gaya wa mutumin Fagam ya sayo turaren wuta. Na sayo. Kwana biyu ya ce a ƙaro. Ɗakin ya koma kullum hayaƙi, ni kuwa har daɗi nake ji, na ce tsoho na son ƙamshi. Daga nan kokon ya fara dawowa yadda na tura shi. Ƙudaje suka yawaita a labule. Hajiya ta tsaya wata rana a baranda ta ja hanci, ta ce, "Haruna, wannan ba warin fo ba ne." Na ce ko ɓera ne ya mutu a rufi. Har na hau na duba.

Ranar da Madam Akosuwa ta dawo, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta ɗauki kaskon turare ta fitar waje, ta taɓa goshinsa, ta ce mini in zo in riƙe kafaɗa. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an kafe ni. Baffa yana cewa, "Lafiyata ƙalau, a bar ni." Ta ƙwala wa Hajiya kira, su biyu mata suka mirgina shi. Zanen ya manne da bayansa, sai da ta jiƙa shi da ruwa. A kwankwasonsa akwai rami kamar bakin kofin shayi, gefen baƙi, cikin mugunya.

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Garba tsoho ne, yana tari, yana juya shi shekara huɗu. Ko ƙurji babu. Kai ƙato, mako uku. Me ka zo yi?"

Hajiya ta ce, "Madam, ɗan fari ne. Su ba sa taɓa juna."

"To ya taɓa gawa," in ji ta. "Gawa ba kunya."

Ban taɓa jin magana ta dake ni irin wannan ba. Aka kira tasi. Direban da wani maƙwabci suka ɗauko shi, ni ina biye da buta da tabarma kamar wanda ya zo rakiya.

Allah Ya saka wa Hajiya, katin asibitinsa bai mutu ba, ita ke sabunta masa. Kwana goma sha biyu muka yi. Suka yanke ruɓaɓɓen naman, suka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Abin da ya ba ni haushi, ma'aikata maza su zo su tuɓe shi su juya shi, ko uffan ba ya cewa. Bare ya taɓa shi ba komai, ni ne dai haram. Ina tsaye ta taga ina kallon yadda suke yi: a lanƙwasa gwiwa, hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a jawo shi wajenka, a cusa matashi a baya, wani tsakanin ƙafafu. Na haddace kamar karatun allo.

Ranar sallama likita ya sa aka fassara mini. Gyambon zai cike in ana juya shi duk awa biyu, dare da rana, ana wankewa kullum, yana cin abinci. In aka bar shi ya koma rigingine, ciwon zai shiga jini, kuma ba lalle su iya kamo shi karo na biyu ba. Na ce tafiya gida fa? Ya ce kwana huɗu a mota da wannan ramin, gara in haƙa masa kabari a nan in huta.

Muka koma gida. Awa biyu ta cika, na yi bisimilla na ɗaga labule na shiga. Ina kai hannu kafaɗarsa ya ɗauki kwanon sha ya kwaɗa mini a goshi. Ga tabon nan har yau. Ya ce, "Hajiya! A fitar mini da shi!" Ranar maƙwabcin nan ne ya juya shi sau biyu, da safe kafin ya tafi aiki da kuma bayan ya dawo. Washegari ma haka. Baffa ya daina cin abinci, ya ce a bar shi ya tafi da mutuncinsa.

Hajiya ta shiga ta zazzage shi. "Mutunci? Kai da na gani da idona ranar nan? Jauro, ba abin da ya rage maka sai taurin kai. Bafillace dai ko a lahira sai ya ce wa mala'iku ya ƙoshi." Bai kula ta ba. Ta fito ta ce mini ko a nemi wanda za a ɗauka aiki. Na ce wa zai bar iyalinsa ya zo duk awa biyu? Kuma ko an samu, wa zai bi mu mota har Gwaram? Ta ce, "To sai ka san yadda za ka yi da ubanka, ni nawa ya mutu."

Na zauna a baranda ana ruwa. Ruwan Kumasi ba ya gajiya. Na tuna a gida yanzu gero ya kai ƙugu, ana noma na biyu, babur ɗina na jingine a zaure. Wallahi na yi tunanin in tashi in kama hanya, in ce wa Inna na tarar rai ya yi halinsa. Sai na ga ba zan iya kallon ƙanwata tana isar mata da wannan ƙaryar ba. A nan wani abu ya faɗo mini, wanda na shekara talatin da wani abu ban tuna ba.

Na tashi na shiga ɗakin. Ban je kusa da shi ba. Na zauna a ƙasa na ba shi baya, na jawo butar alwalarsa na ajiye a gabana. Tun da shi ba ya magana da ni sai ta bakin wani, ni ma na samu nawa ɗan aiken.

Na ce, "Buta, ki gaya wa mai ɗakin nan, wata shekara da rani ya yi tsanani, ya zo Fagam duba shanu. Ya tarar da wata jar saniya ta kwanta ta kasa tashi. Babu manya a ruga, sai wani yaro ɗan shekara tara. Ya ce saniya in ta kwana biyu a gefe ɗaya ta tafi, ko da tana cin ciyawa. Ya kama hannun yaron ya ɗora a gindin wutsiya, shi ya kama ƙaho, suka mirgina ta. Safe da rana da yamma, har kwana tara, ta tashi. Ki tambaye shi, ranar ya aika a nemo bare? Ko wanda ke wurin ya kama?"

Ruwa na dukan kwanon rufi.

Na ce, "Ki gaya masa an aiko ni in kai shi gida, kuma ba zan koma da labari ba. Yana da kwano, ni ina da goshi. Duk awa biyu zan shigo. In kwanon ya lotse Hajiya na da wasu."

Na daɗe ina kallon butar nan. Can na ji ya yi gyaran murya.

"A gaya masa saniyar ba ja ba ce. Fara ce, mai karyayyen ƙaho."

Na waiga. Ya jawo rawaninsa da hannun dama ya rufe fuskarsa ruf.

Na matsa. Na lanƙwasa gwiwar, hannu a kafaɗa, hannu a ƙugu. Na shirya ƙarfi kamar zan ɗaga buhun masara, sai na ji shi kamar damin kara. Na cusa matashi, na gyara zane, na fita. Bayan kaɗan ya buga cokali, ya ce a tambaya ko akwai sauran koko.

Wata huɗu muka yi a haka. Na sa wayata tana ƙara duk awa biyu. Barci ya zama guntu-guntu, har na saba. Ba na iya nisa da gida, sai na riƙa taya Hajiya surfen wake da faskare, ita kuma ta riƙe cikinmu. Madam Akosuwa ta koma zuwa duk mako. Ta koya mini wanke hannu har gwiwar hannu, wanke ramin da ruwan gishiri, cusa auduga, rufewa. Na fari da na yi a gabanta ta ce in sake. Na biyu ma ta ce in sake. Tana zuwa da ɗan ma'auni ta gwada bakin ramin, ta nuna mini da yatsa yadda ya ragu. Yanzu in ta tambaye shi jiki ya ce lafiya lau, sai ta ce, "Na ji, Baba," ta juyo wurina. Ni nake faɗa mata ya yi zazzaɓi ran Laraba, diddigensa ya yi ja, kwana uku bai zaga ba. Baffa yana ƙarƙashin rawani yana tsaki.

Rawanin bai taɓa fashi ba, butar ma haka. Duk abin da zai ce, ita yake gaya wa. A gaya masa ruwan ya yi zafi. A gaya masa hannunsa kamar na maƙeri. Har labarin yadda ya fara shigo da shanu Kumasi ya ba butar nan, da sunayen mutanen Basirka da yake son sanin ko suna raye. Hajiya ta ce, "Ni dai ku gaya mini ranar ɗaurin auren butar nan, in yi anko. Wanne daga cikinku ne angon?"

Da fatar ta haɗe, Madam Akosuwa ta danna wurin da yatsa ta ce mu tafi. Ta ba ni takarda in kai asibiti a Birnin Kudu, da maganin hawan jini na wata biyu. Ta ce, "Kai ba ƙaton banza ba." Iyakar yabonta ke nan, kuma ya ishe ni. Abokan Baffa na kara, kasuwar shanu, suka kama mana kujerun baya gaba ɗaya don ya kwanta. Hajiya ta rako mu tasha tana cewa ta rabu da ƙaya, za ta sa haya mai tsada a ɗakin, tana faɗa tana share ido da gefen mayafi. Baffa ya ce mata, "Ki yafe mini, Babarbariya." Ta ce, "Tafi can, bawa ba ya neman yafiya, gudu yake."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa wuya. Juya mutum a cikin mota tana gudu ba wasa ba ne, ga fo, ga fasinjoji na toshe hanci. Bayan Lome wayata ta mutu, zafin rana ya kwashe ni da barci. Muryarsa ce ta tashe ni, yana ce wa butar da ke tsakanin ƙafafuna a gaya wa mutumin Fagam lokaci ya wuce. Ya riga ya ja rawaninsa yana jira.

Kwana biyar muka yi. Ban wuce da shi gida ba sai da muka tsaya a Birnin Kudu, don in tabbatar hanya ba ta buɗe wurin ba. Aka tura shi a keken marasa lafiya har ɗakin likita, wani matashi mai gilashi. Ya karanta takardar Madam Akosuwa, ya ce a ɗora shi a gado. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ɗan ba mu wuri zan duba shi."

Jikina ya riga kaina. Na miƙe, har na kama ƙofa.

"Likita," in ji Baffa.

"Na'am, Baba. Ya jikin?"

"Ni in ka tambaye ni, lafiya lau zan ce maka." Ya laluba rawaninsa ya ja har haɓa. Daga ƙarƙashi muryar ta fito. "Mutumin Fagam ya zauna. Shi ya san bayan nawa."

Na saki ƙofar, na naɗe hannun riga, na tambayi likita inda ake wanke hannu.